Naman Gwangwani Har Arlit

Tun da na sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, a tashar Damagaram ban huta da bakinku ba. Wannan ya tare ni a bakin rijiya, wancan a ƙofar masallaci, kowa tambayarsa ɗaya: yaya arewa take, da gaske ne duwatsun can suna kuka? To ga shi na rubuta, ku karanta ku miƙa wa na gaba. Amma kafin in kai ku ko'ina sai na fara da wautar da na tafka tun ban taka mota ba, domin ita ta raka ni har can, ita kuma ta dawo da ni.

Kun tuna ranar da Nasaran nan likita ya zo lakwal, makarantarmu, mai agogo rataye a wuya, wanda muka sa wa suna Mai Agogo. Mushe, malaminmu, ya fito da mu fili aka yi tsere, na bar ku a baya kamar yadda na saba. Isufu, kada ka musa, har hularka ta faɗi. Daga nan aka kira ni ofis. Likitan ya ce shi aikinsa binciken masu gudu ne, yana so ya gane abin da ci da barci suke yi wa ƙafar mutum a ƙasar zafi. Zai tafi arewa, can bayan Agadas, inda ya ji labarin samarin da ke kamo raƙumi da ƙafa, yana kuma son ɗan birni ɗaya ya gwada su tare. Wanda ya fi, zai rubuta masa takarda a kai shi Yamai, ya yi tsere da ƴan makarantun can, ya ci gaba da karatu. Ni kuwa kun san Baba ya riga ya yanke magana: da na gama wannan aji, majema zan koma in taya shi jeme fatu. Gara in yi gudu har ƙarshen duniya da in wuni hannuna cikin kwatarniyar toka da bagaruwa.

Sai likitan ya buɗe karne, littafin rubutunsa, ya tambaye ni me nake ci a gida, yaya kuma nake barci. Na dubi takalmansa, na dubi agogon, sai na ji kunyar in ce fura da tuwon gero da miyar kuka. Na gyara murya na ce masa da Faransanci, ni nama nake ci safe da yamma da burodi, na gwangwani ma na fi so. Fura ta tsofaffi ce. Barcin rana ban san shi ba, wannan na malalata ne, ni da an yi lisha nake hawa gado sai asuba. Alhali gadon da na taɓa hawa a duniya shi ne na asibiti, ranar da kunama ta harbe ni. Barcin rana kuwa, duk wanda ya taɓa zuwa zaurenmu bayan azahar ya san jaki zai iya taka ni ya wuce ban motsa ba. Mushe yana tsaye, ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki. Likita kuma ya rubuta komai, yana gyaɗa kai.

Baba ya yarda in tafi, ya ce in na samo takardar shi ke nan, in ban samo ba kwatarniya tana nan ba ta zuwa ko'ina.

Motar da muka shiga ta wasu Nasaru ce masu neman duwatsu a arewa, tana kai musu ruwa da abinci. Mai tuƙa ta Baba Agali, Ba'abzine ne dogo, rawaninsa ya rufe masa baki da hanci, idanu kawai ake gani. A Hausarsa komai namiji ne: mota ya gaji, rana ya yi zafi, uwarka ya san ka fito? Mun fita gari ke nan likita ya buga wani akwatin katako da tafin hannu, yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki. Ya ce bincike ba ya inganta sai kowane mai gudu ya zauna kan abin da jikinsa ya saba, saboda haka ba zai canza mini komai ba. Akwatin nan cike yake da naman gwangwani, nawa ne ni kaɗai. Ya kuma taho mini da gado mai naɗewa.

Gwangwanin farko na cinye shi har da lashe murfi, ina jin kamar ni ne kumandan. Na biyu ma ba laifi. A Tanut aka tsaya, wata mata ta kawo fura mai sanyi a ƙwarya, ludayi yana yawo a kai kamar jirgi. Kowa ya sha, har yaron mota ya yi gyatsa. Ni aka buɗe mini na uku. Naman ja ne, da wani kitse mai rawa a gefe, gishirinsa kuwa kamar an kwashe Bilma an zuba ciki. Tun daga ranar cikina ya fara magana da wani yare wanda ban taɓa ji ba.

Ga yadda aikin yake. Kowace safiya in hau ma'auni likita ya rubuta nauyina, ya riƙe wuyan hannuna yana ƙirga bugun jini, ya tambaye ni yadda na kwana. In ce lafiya lau, alhali gadon nan zafi yake riƙewa kamar tanda, ni kuma na saba da tabarma a tsakar gida. Sannan ya kafa sanda can nesa, in ruga in zagayo ta in dawo, shi kuma ya danna agogo. Da la'asar a sake.

Duk wannan mai sauƙi ne. Azabar tana tsakar rana. In rana ta take, mota ba ta iya tafiya, ruwanta tafasa yake. Sai Baba Agali ya kashe ta, kowa ya shige ƙarƙashi ya rufe fuska, nan da nan minshari ya tashi. Likita kuwa mutum ne mai kara. Ya ce ba zai bar ni zaune ni kaɗai ba tun da ba na barcin rana. Sai mu jingina da taya, ni da shi, ya ce in koya masa Hausa. Na koya masa raƙumi, na koya masa rijiya, idanuna suna rufewa ina buɗe su da yatsa. Nasa idanun ma sun yi jajir, na ɗauka haka na Nasaru suke yi a rana.

A Agadas na ga hasumiyar masallacin nan da ake labari, doguwa, itatuwa sun fito mata ta ko'ina kamar bushiya ta miƙe tsaye. A bakin gari akwai shingen gardawa, dogaran gwamnati, domin ba a wucewa arewa sai da takardar izini. Gardin ya juya takardata sama da ƙasa, ya tambayi sana'ata. Likita ya ce mai gudu ne. Gardin ya dube ni da kyau, ya ce shi a aikinsa masu gudun da ya sani iri ɗaya ne, kuma duk a kurkuku suke. Sai da na zagaye ofishinsa sau biyu da gudu, abokansa suna dariya, sannan ya buga hatimi. A masaukin baƙi muka kwana. Can ne gadona ya naɗe da ni a ciki, ƙafafuna da kaina suka haɗu, sai da yaron mota ya zo ya ɓare ni kamar gyaɗa.

Mutanen can al'adarsu ta juya da tamu. Maza ne ke rufe fuska, mata kuwa fuskarsu a buɗe, suna zaune cikin maza suna faɗin ra'ayinsu. Gaisuwa ba a damƙe hannu, sai a goga tafi da tafi a janye, a sake, a sake, ana tambayar zafi da gajiya da dabbobi, har ka manta inda za ka. Shayi kuma sau uku ake zubawa a ƴan ƙananan kofuna, mai kumfa, ba a gaggawa. Na miƙa hannu zan karɓa, likita ya duba karne ya ce ban ambaci shayi ba.

Daga Agadas zuwa gaba ba zan rantse muku da abin da na gani ba, domin ban san inda ido ya ƙare mafarki ya fara ba. Duwatsun Abzin suna hannun dama, shuɗaye, gindinsu bai taɓa ƙasa ba, suna tafiya tare da mu a hankali. Gabanmu tafki ne shimfiɗe, muna zuwa yana janyewa. Na ga raƙuma suna tafiya a kan ruwan nan da ƙafafu dogaye kamar giginya. Wata rana na ga ƙwaryar Inna, mai ɗinkin nan a baki, tana shawagi a saman mota, na miƙa hannu har Baba Agali ya riƙe mini riga kada in faɗa. Idanunsa suka yi dariya.

A Gugaram muka sami wanda ake nema. Wuri ne na makiyaya, rijiya da bukkokin tabarmi da awaki. Sunansa Rissa, zai girme ni da kaɗan, siriri kamar sandar kiwo, ba ya ɗaga murya. Aka ce in raƙumi ya ɓalle shi ake turawa, yakan bi shi tun hantsi ya dawo da shi kafin rana ta faɗi. Likita ya buɗe masa sabon shafi, Baba Agali yana fassara. Me yake ci? Abin da ke akwai: nono, gero, dabino, cuku. Yaushe yake barci? In raƙuma sun kwanta. Da rana fa? Rissa ya dubi Baba Agali, ya tambaya ko akwai mai hankalin da ke zama a farke da rana.

Mahaifiyarsa tana gefe tana daka. Irin tasu furar daban ce: gero da cuku da dabino ake kirɓawa wuri ɗaya, a dama da ruwa. Ƙamshinta ya zo ya tsaya a hancina ya ƙi wucewa. Ta dubi fuskata, ta tambayi ciwon da ke damuna. Aka gaya mata lafiyata ƙalau, ɗan birni ne, nama cikin ƙarfe kawai yake ci. Ta ajiye taɓarya, ta yi magana a hankali, Baba Agali ya juyo gare ni.

"Yana tambaya, uwarka ya rasu ne?"

Na ce tana nan da ranta. Matar ta cika ludayi ta miƙo mini da hannunta. Likita yana tsaye da karne a buɗe. Na ce na gode, ba na shan fura. A can ƙin abin da aka miƙo maka ba ƙaramin abu ba ne. Ta mayar da ludayin cikin ƙwarya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙasa.

Muka ɗauki Rissa da salkarsa da jakar garin furarsa, muka yi yamma zuwa wurin da ake kira Arlit. Masu tambaya ko babban gari ne, ku ji: babu gari. Fili ne na baƙin tsakuwa, shimfiɗe har inda sama ta sauko, sai tantunan Nasarun nan da gangunan ruwa. Duwatsu kuma ba sa kuka. Wani akwati ne suke rataye da shi, in sun kusa da wani irin dutse sai ya kama ƙara kamar gyare. Su wuni suna yawo kansu a ƙasa, in akwatin ya yi kuka su yi murna. Baba Agali ya ce dutsen ba a ci, ba a gini da shi, ba a saka shi a zobe, amma ga manyan mutane sun baro ƙasarsu dominsa.

Likita ya sa aka tara duwatsu can nesa, aka kafa tuta a kai. Nan za mu riƙa zagayowa, safe da la'asar, ranar ƙarshe kuma a yi tseren da zai raba gardama. Rissa ba ya gudu kamar mu. Ba ya cije baki, ba ya wurga hannu, sai ka ga kamar tafiya yake, ƙasa ce ke sauri a ƙarƙashinsa. Da rana ya sha furarsa, ya ja mayafi ya rufe fuska, ya tafi wata duniya. Ni da likita muna jingine da ganga ina koya masa sunayen tsuntsayen da babu su a wurin. Kullum agogo sai ya nuna na fi jiya nauyin ƙafa, ma'auni kuma ya nuna na fi jiya sauƙi. Likita ya yi ta juya shafuka yana sosa kai. Ya ce abin ya ɗaure masa kai: ga yaro yana cin abin da ya saba, yana barci yadda ya saba, amma yana narkewa kamar man shanu.

Ana saura kwana uku kafin mota ta juya gida, muka fita gudun la'asar. Rissa ya zagaye tuta ya wuce ni yana komawa tun ban kai ba. Da na isa bayan tarin duwatsun sai na ga inuwa, ƴar ƙarama, daidai tabarmar sallah. Na ce bari in gyara igiyar takalmi.

Sai ga ni a Yamai. Kogi yana gudu a gefena, ina gudu, na fi shi sauri. Ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Mutane sun yi layi hagu da dama, kowa riƙe da ludayi, suna kiran sunana a hankali kamar masu rarrashin jariri. Raƙuman nan masu ƙafar giginya suna tafe a bayana, Isufu yana kan ɗaya yana neman hularsa. Can gaba Inna ce zaune a tsakiyar hanya tana dama fura, ta ɗago ta ce in zauna in huce tukuna, tseren ba ya zuwa ko'ina. Na zauna. Gyare ya fara kuka a kusa da kunnena, yana ƙara matsowa.

Na buɗe ido na ga akwatin Nasaru a saman kaina, da fuskoki a zagaye. Ashe da aka ga ban dawo ba duk sansanin aka fito nemana. Likita ya durƙusa, fuskarsa ta yi fari fat, yana taɓa goshina, ya ɗauka rana ce ta buge ni. Rissa ya tsuguna ya duba yadda na share tsakuwa, na yi matashi da takalmi, na kifa hula a fuska. Ya yi magana, Baba Agali ya tuntsire da dariya har rawaninsa ya zame, ranar na fara ganin bakinsa. Wai Rissa ya ce wannan ba kwanciyar mara lafiya ba ce, kwanciyar gwani ce, wanda ya yi shekaru yana yi.

Baba Agali ya ja ni gefe, ya ce tun Tanut yake ganin maƙogwarona yana hawa da sauka in an ɗaga ludayi.

"Ɗana, mutumin nan ya baro ƙasarsa yana rubuta gaskiyar jikinka. Kai kuma ka ba shi jikin wani yaro. Je ka gaya masa."

Na ce in na faɗa takardar Yamai ta tafi. Ya ce in ban faɗa ba ma ta tafi, har da ni a bayanta, domin saura ƙiris iska ta ɗauke ni.

Na sami likita a bakin tanti, na gaya masa komai: furar, tuwon, tabarmar, zauren, har kunamar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya buɗe karne, ya bi shafukana ɗaya bayan ɗaya yana jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙarar alƙalamin nan ta fi bulalar mushe ciwo. Da ya gama ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Kwana goma sha biyu," in ji shi. "Kowace rana ina zaune a jikin taya saboda kai. Ni a garinmu ma ina barcin rana."

Washegari da azahar mu uku muka jeru a ƙarƙashin mota, ni da Rissa da Mai Agogo, kuma na rantse minsharinsa ya fi na kowa. Rissa ya dama mini fura daga jakarsa. Kurɓar farko na ji ta sauka har yatsun ƙafata. Na ce ya gaya wa mahaifiyarsa na sha, ya ce zai gaya mata. Gadon kuwa aka naɗe shi, na shimfiɗa bargo a ƙasa. Likita ya buɗe sabon shafi ya rubuta sunana a sama, kamar yau muka haɗu. Cikin kwana biyu agogo ya fara yi mini fara'a.

Ranar tsere da sanyin safiya aka ja layi a tsakuwa. Masu neman duwatsu suka ajiye akwatunansu suka zo kallo. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, ko ku da kuka san ni ba za ku gane ni ba. Muka zagaye tuta kafaɗa da kafaɗa. A dawowa ina jin numfashina, ba na jin nasa. Da muka kusa layi sai ya ɗan miƙa ƙafa, kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a gida, ya riga ni da tsawon raƙumi ɗaya.

Likita ya ce takarda ta Rissa ce. Baba Agali ya fassara masa Yamai, da kogi, da makaranta, da tsere a gaban jama'a. Rissa ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya me ake kamowa a tseren. Aka ce ba komai. Ya ce to shi a mayar da shi Gugaram, akwai taguwar da ta kusa haihuwa.

Nan take na yi lissafi. Mu biyu ne, na farko ya ƙi, saura wa? Na je na tsaya kusa da likita ina gyara hula. Ya gane. Ya ce takardar ba ta tafiya ita kaɗai, da shafukan bincike take tafiya, su ne shaidarta. Nawa kuwa goma sha biyu an soke su, na gaskiya uku ne kawai, kuma ba zai sa hannu a kan kwana uku ba. Ya ce ina da ƙafa, wannan ba shakka. Ya miƙo mini hannu, na goga tafina a nasa na janye, irin na Abzinawa.

Muka sauke Rissa a bakin rijiyarsu, muka bi hanyar da muka zo. Sauran gwangwanayen likita ya ce in taho da su, nawa ne. Inna ta buɗe ɗaya ta sansana, ta ba karen maƙwabta, ta wanke gwangwanin tana ɗiban gero da shi. Baba ya duba hannuna ya ga ba takarda, ya nuna mini inda zan rataye rigata.

Tun ranar Asabar nake majema. Mai nemana ya zo da hantsi ko da la'asar. Bayan azahar ina zaure, ina barci.